Littafin da Lua Ta Ƙi Jini

Khoan ya hau bas ɗin komawa garinsu Thai Binh ranar Lahadi da la'asar, da littafin da ya zo da shi naɗe a cikin jarida, ba a buɗe ba. Ya je Hanoi ne, babban birnin ƙasar, neman labarin 'yarsa Lua. Abin da ya samo shi ne, mutum biyu ne suka ɓata, ba ita kaɗai ba.

Mai gyaran injin ban-ruwa ne, ya ba hamsin baya, matarsa ta rasu tuntuni. Lua ce kaɗai ta rage masa. Ta yi aiki a masaƙa har aka rufe masaƙar, sai a farkon shekara ta ce ta samu aikin otal a tsallaken iyaka. Ta kira shi sau biyu ko uku, daga nan wayarta ta mutu. Da ya kai ƙara, 'yan sanda suka faɗa masa abin da suka sani game da irin wannan aiki. Ana karɓe takardun mutum, a kulle shi a bene, a ba shi waya ya dinga yaudarar mutane, ana tsaye a kansa ana karanta duk abin da ya rubuta. Suka ce suna bincike, ya kawo duk abin da zai taimaka.

Ba shi da komai sai hoto guda da ke manne a bangon ɗakinta. Duk Oktoba Lua takan tafi kasuwar baje kolin littattafai ta Hanoi, ta haɗu da abokanta na waya, waɗanda suke da zauren hira kan littattafai. Shi dai dariya yake mata, ya ce wa ya taɓa yin abota da gilashin waya. A hoton su shida ne, a gaban rumfar da ake sayar da littattafai a kan sikeli, kilo-kilo, kamar dankali. A ƙarƙashin hoton kuma akwai littafi naɗe a jarida, ta rubuta Barkono a kai. Ya kwashi biyun ya taho.

Rumfar ba ta yi wuyar samu ba, don nan ce ta fi cika. Tun safe ya tsaya gefe yana duba fuskoki yana duba hoto. Wajen azahar ya ga wani mai gemu ya jibga littattafai a kan sikeli yana ciniki.

"Cire mini bangon wannan," in ji mai gemun. "Ni ba bango zan karanta ba, nauyi kawai yake ƙara mini."

"Kai da ba ka gama na bara ba," wata mata mai tabarau ta ce daga bayansa. "Ɗauke su kake yi don ka ga kana motsa jiki."

"Yaya Agogo, ki bar ni da talaucina. Ke da kike sayen littafi don ki ji ƙamshinsa."

Su ne. Mai gemun yana tsaye a bayan Lua a hoton, matar kuma hannunta na kan kafaɗarta. Akwai wasu 'yan mata biyu tare da su. Khoan ya bi su har wajen mai shayin ƙanƙara, ya jira suka zauna a 'yan kujerun roba, kowa ya fito da littafi naɗe ya ajiye a tsakiya. Sannan ya matsa.

"Ku yi haƙuri, 'ya'yana. Kun san Lua?"

Suka kalli juna. Matar da ake kira Agogo, wadda ita ce shugabar zauren, ta ce, "Wace Lua, Kawu?"

Ya miƙa hoton, ya ɗora yatsa a fuskarta.

"Mage," in ji mai gemun, wanda Gemu suke ce masa. Dariyar ta bar fuskarsa. "Ita ta aiko ka?"

"Ni ne ubanta."

Babu wanda ya ba shi kujera. A nan Khoan ya gane cewa ba su taɓa sanin sunanta ba. Hoton kyanwa ta sa a zauren, Mage suka sani.

"Kawu, ba za mu ɓoye maka ba," Agogo ta ce. "Mun cire ta daga zauren tun damina. Ko dai an sace mata asusunta na zauren, ko ta shiga sana'ar da ba ta dace ba. Kullum tallar aiki, wai otal a ƙasar waje, albashi mai tsoka, a zo da sauri. Mun yi gargaɗi har mun gaji."

"Sace shi aka yi," in ji Gemu. "Ni na faɗa tun farko. Ba Mage ce ke rubutun nan ba."

Khoan ya jawo kujera da kansa ya zauna. "Tun damina tana rubutu? Ni tun kafin shuka ban ji muryarta ba. Ɗana, ta yaya ka san ba ita ba ce?"

Gemu ya gyara zama, da alamar wannan hujja ya sha kawo ta. Akwai wani littafi, in ji shi, labarin wata mata da aka kulle a saman bene shekara da shekaru tana leƙen titi ta taga. Duk zauren suna son sa, ban da Mage. Ta ƙi jininsa. Ta taɓa cewa ko a kilo aka ba ta, sai ta nemi canji. Shekara biyu suna faɗa da ita a kai.

"To, sai ga asusun nata, a tsakiyar tallar aiki, yana cewa mu sake karanta littafin nan. Wai yanzu ta fahimci matar. Wai mu duba wurin da take ɗaga wa masu wucewa hannu ba wanda ya ɗaga kai. Sau uku fa. Na ce jama'a, ɓarawon nan bai ma san wadda ya sata ba. Mage ta yabi wannan littafi? Ai a ranar Yaya Agogo ta cire ta."

'Yan matan biyu suka gyaɗa kai. Khoan bai karanta littafi ba tun da ya bar firamare. Abin da 'yan sanda suka gaya masa kawai ya maimaita musu, a hankali, yadda aka faɗa masa. Ya faɗi takardun, ya faɗi benen, ya faɗi mutumin da ke tsaye yana karanta duk abin da aka rubuta.

Mai shayi ta kawo kofuna ta ajiye. Ba wanda ya taɓa.

Agogo ta cire tabarau ta goge, ta mayar, ta fito da waya. Ta daɗe tana ja da baya har ta kai wurin. Ta karanta saƙon a fili, muryarta ba ta hawa ba ta sauka. A ƙarƙashinsa akwai amsoshinsu. Gemu ya sa hoton dariya. Ɗaya daga cikin 'yan matan ta rubuta, ɓarawo ka je ka yi karatu tukuna.

"Da ta faɗa kai tsaye mana," Gemu ya ce, ba ya kallon kowa. "Da ta ce a taimake ni."

"Yanzun nan Kawu ya gaya maka dalili," in ji Agogo.

Ta mayar da Mage cikin zauren. Ta rubuta mata, mun gane, kina ina. Saƙon ya tafi, bai nuna ya isa ba. Ta kira, bai shiga ba. A ƙasan hoton kyanwar an rubuta ranar ƙarshe da aka buɗe asusun, mako guda bayan an cire ta.

Khoan ya ɗora littafin da ya zo da shi a kan nasu. Ya ce ya ga sunan Barkono a kai, wane ne a cikinsu. Agogo ta yi masa bayani cewa duk shekara sukan jefa ƙuri'a, kowa ya saya wa wanda ya faɗo masa littafi, a ba shi a shekara mai zuwa. Bara Barkono ne ya faɗo wa Mage. Ta nuna shi a hoton, wani siriri mai hula a can gefe.

"Bai zo ba tukuna?"

"Bai yi magana ba tun damina," in ji ɗaya yarinyar. "Mun zaci fushi ya yi da muka cire Mage. Shi kaɗai ya ce a bar ta."

Gemu ya murza gemunsa. "Ya kira ni lokacin. An sallame shi daga maɗaba'a, yana neman aiki ko wane iri. Ya ce in dai Mage ce ta kawo, ba za ta cuce shi ba. Na ce masa kai dai ka cika son banza. Ban zaci zai tafi ba."

Khoan ya dubi siririn mai hular. Ya zo ne da niyyar roƙon mutanen nan. Yanzu bai san ko haƙuri ya kamata ya ba su ba. 'Yarsa ce ta rubuta tallar, ko da wa ke tsaye a kanta.

"A gaya wa iyayensa," ya ce. "Ni na san yadda jiran yake. Mene ne sunansa? Ɗan wane gari ne?"

Babu wanda ya san sunansa. Ɗaya ta ce tana jin daga tsakiyar ƙasa yake, saboda harshensa. Gemu ya ce ya taɓa ambatar ƙanwa, ko 'yar ƙanwa. Sun san littattafan da yake so da waɗanda ba ya iya gamawa, sun san yana lanƙwasa gefen shafi, abin da Agogo ta sha yi masa faɗa a kai. Iyakarsa ke nan.

Ba a yi musayar littattafai ba a ranar. Agogo ta ɗauki hotunan saƙonnin duka ta tura wa Khoan a tsohuwar wayarsa don ya kai wa 'yan sanda. Ta sa masa lambarta, ta ce ya rubuta Ngan.

"Ashe Ngan ne sunanki," in ji Gemu.

Ta roƙi Khoan ya bar littafin a wurinta ko da Barkono zai ɓullo. Ya ce a'a, Lua ce ta naɗe, ita za ta bayar. Suka raka shi bakin titi, Gemu ya tsayar masa da ɗan acaba zuwa tasha.

Ranar Litinin Khoan ya kai saƙonnin ofishin 'yan sanda, aka haɗa su da takardun Lua. Game da mutum na biyun, jami'in ya ce ba za a iya buɗe masa fayil da sunan Barkono ba, sai an samu sunansa na gaskiya ko wani nasa ya zo cigiya. Har zuwa lokacin da aka kwashe rumfunan kasuwar, babu wanda ya zo, saƙon Ngan kuma bai nuna ya isa ba.