Tutar da Mode Ya Ɗinka

"Ungo, karanta, tunda kai ad da ilimin unguwag ga."

Attahiru yana tsugune a bakin zaure yana goge takalminsa na zuwa makaranta ya ji muryar a kansa. Inna Hajara ce, matar Baba Mode tela, maƙwabcinsu na jikin katanga. Ba ta yi sallama ba, ba ta jira gaisuwa ba, tsohuwar da ko akuya ce ta shiga gidanta sai ta lallashe ta kafin ta kore ta. Ta miƙo masa wata takarda da ta yi ja don tsufa, an ninke ta gida huɗu.

Ya buɗe. Shafi ne da aka yago daga littafin rubutun 'yan makaranta. An zana tuta da fensir, an raba ta uku a kwance kamar kunyoyin gona, an rubuta a ciki: kore, fari, kore. A ƙasa an sa hannu. Ko ba a sa ba Attahiru ya san rubutun, don hannun ne ya riƙe nasa ya koya masa baƙi da wasali. Rubutun mahaifinsa ne, marigayi Malam Ɗantani.

"Inna, wanga hwa?"

"Abin da kay yi ma dariya cikin rediyo na. Shekara ashirin da biyar tana cikin aljihun keken ɗunkinai, ya hana in hiddo ta. Yau ban tambaye shi ba." Ta gyara mayafi. "Shina kwance, bai ci bai sha. In ka gama gugat takalmi."

Ta juya ta tafi, ta bar shi da buroshi a hannu.

Abin ya samo asali ne daga wasan talabijin. A shekarar da ƙasa ta cika ashirin da biyar da samun mulkin kai, gidan talabijin ya shirya wani wasa mai kashi goma sha uku, Shekarar Tuta, a kan yadda 'yancin ya riski mutanen ƙauye a zamanin Jihar Arewa. Attahiru ke da akwatin talabijin a unguwarsu a Bodinga, baƙi da fari mai batirin mota, saboda haka duk Talata bayan magariba ƙofar gidansa sai ta koma kasuwa. Shi kuma, ban da koyarwa, yana da fili na minti goma sha biyar a rediyo duk Juma'a da ƙarfe biyar, inda yake sharhin wasan. Ba ƙaramin ji da filin nan yake yi ba. Har wata Hausa yake da ita ta musamman ta shiga rediyo, wadda matarsa Zulai ke cewa ba ta san inda yake ajiye ta ba in ya dawo gida.

Baba Mode bai taɓa fashin kallo ba. Yakan zo da buzunsa ya zauna gefe, ba ruwansa da labarin, tufafi yake kallo. "Wagga riga aikin inji ta. Zamanin nan da allura mukai." Ko ya ce, "Wa ad ɗaura ma dogarin ga rawani? Ai ba haka na ba." Attahiru ya kwashe duka a aljihu, ranar Juma'a ya zazzage su a rediyo kamar shi ya gano, mutane su yi ta cewa malamin nan akwai ido.

Sai kashi na tara ya zo. Aka nuno wani tela mai karkatacciyar hula, an ba shi ɗinkin tutar ranar 'yanci, ya ɗinka ta a kwance maimakon a tsaye, ɗinkin ma ya tafi a karkace yana ɓalli-ɓalli. Aka ɗaga ta gaban hakimi da Bature, tela yana washe baki. Ƙofar gida ta kaure da dariya. Manya kaɗan ne ba su yi ba, waɗanda suka san labarin ba ƙage ba ne. Ya faru a wata makarantar elemantare a ƙasar Shagari, inda mahaifin Attahiru yake koyarwa. Motar da za ta kawo tuta daga Sakkwato ta kafe a laka, aka ce tela ya ɗinka wata. Da safe Bature ya iso da 'yan ƙananan tutoci na yara, zanensu a tsaye, ga kuma babba tana kaɗawa a kwance. Hakimi ya ce aikin wane ne? Tela ya fito ya durƙusa ya ce nasa ne. Attahiru yana nan a ranar, yana ɗan shekara goma, yana cikin layi yana dariya.

Kafin a gama kashin, Baba Mode ya naɗe buzunsa, ya ɗauki takalmansa a hannu ya fita ta bayan mutane.

Da a nan ta tsaya da sauƙi. Amma baki shi ke yanka wuya. Ranar Juma'a Attahiru ya yaba kashin ya kai shi sama, ya ce telan nan shi ne hoton duhun kan da aka baro. Daɗin magana ya ɗebe shi, ya ƙara da cewa, "Kuma masu saurare, telan yana nan da ransa, maƙwabcina ne, Mode." Har 'yar dariya ya yi a ƙarshe.

Maganar da aka binne tun a Shagari ta tashi. A kasuwa mai kawo ɗinki ya ce, "Baba, tsaye nika so, ba kwance ba." Mode ya yi mako biyu yana murmushi, sannan ya sa aka ɗauko kekensa aka mayar gida. Ciwon ƙirjin da ya daɗe yana fama da shi ya samu wurin zama.

Yanzu ga takarda a hannun Attahiru. Abubuwa suka riƙa dawo masa ɗaya bayan ɗaya. Da aka mayar da mahaifinsa Bodinga, shi ya yanki rabin filinsa ya ba Mode. Duk sallah ƙwaryar farko gidan Mode take zuwa. Attahiru ya girma yana ganin tausayi ne irin na mai ilimi ga talaka, har yakan ba da misali da shi a aji. Kunya ta kama shi, irin wadda take sa mutum ya ji tufafinsa sun yi masa nauyi. Ranar bai san abin da ya koyar ba.

Bayan la'asar ya shiga gidan Mode. Ɗakin na warin man zafi. Keken ɗinki yana lungu an rufe shi da tsohon zane. Baba Mode yana kwance a kan gadon kara, ya zama ɗan kaɗan.

"Baba, ina wuni? Ƙaƙa jikin?"

"Da sauƙi, Attahiru. Zamna. Mi anka nuna Talatag ga? An ce min hakimi ya mutu."

Attahiru ya zauna a kan tabarma. Tun daga zaure ya shirya kalmar neman gafara, amma ta ƙi hawowa. Sai kawai ya zaro takardar ya ajiye a gefen gado.

Tsohon ya dube ta, ya dubi labulen ƙofa. "Hajara ke nan," ya ce, bai ɗaga murya ba. "Mace in ta tsuhwa sai Allah."

"Baba, don mi?"

"Don mi mi? Malam bai taɓa ganin tutag ga ba, ni ma haka. Ga rediyo yaj ji kore, hwari, kore, yaz zana abin da yag gani cikin kainai. Sannan an ba shi aiki bai yi wata shidda ba, ga ku huɗu, ga tsohuwatai. Tela in ya ɓata sai shi warware. Malamin En'e in ya ɓata gaban Bature, sai shi naɗe tabarma." Ya yi tari mai tsawo. "Mun yi zamanmu lahiya ni da shi. Bai hwaɗi ba, ban hwaɗi ba."

"Ran Juma'a na aka gama zangon ga. Zan gyara, Baba. Da bakina nib ɓata, da bakina zan gyara. Zan hwaɗi wanda yaz zana."

"A'a. Bar wanda yak kwanta shi kwanta." Ya lumshe ido har Attahiru ya zaci barci ya ɗauke shi. Sai ya buɗe ido. "Amma in dai za ka hwaɗi wani abu, abu guda ag gare ni. Sun nuna ɗunkin ya karkace. Wanga ƙarya ta. Kwance nid ɗunka ta, gaskiya na, amma ɗunkina bai karkace ba. Ban taɓa karkata ɗunki ba. Shi ɗai za ka hwaɗa musu."

"In sha Allahu, Baba."

"To. Hajara, kin jiya? Ran Juma'a ki aza min rediyo kusa."

Laraba ake ɗaukar shirin a Sakkwato. Attahiru ya shiga mota da takardar a aljihun gaba, yana ta gardama da kansa. Tsoho ya ce a bari, amma ai kara ce ya yi. In bai faɗa ba, wane irin mutum ne shi? In kuma ya faɗa, da wane ido zai dubi yayyensa? Malam Ɗantani fa, wanda har yau in aka ambace shi a Bodinga sai an ce Allah ya jiƙan mai gaskiya.

Aka kunna jar fitila a ɗakin ɗauka. Ya ɗauko Hausarsa ta rediyo. Ya bi zangon kashi-kashi. Ya yaba wanda ya fito a hakimi, ya ce kashi na huɗu ya yi jan ƙafa, ya ce mai fitowa a Bature Hausarsa ta fi ta Bature kyau. Ya soki rigunan aikin inji da rawanin dogari. Duk yana yi yana jin takardar a ƙirjinsa. Da ya iso kan tela sai ya tsaya. Mai ɗauka ya ɗago yatsu biyu ta bayan gilashi. Minti biyu sun isa a wanke mutum, sun yi yawa ma.

"Game da kashi na tara kuwa," in ji Attahiru, "akwai abubuwan da za a iya cewa, amma lokaci ya ƙure mana."

Ya cike sauran da godiya ga shugabannin gidan.

A motar dawowa yana ta ba kansa haƙuri, ai tsohon da kansa ya ce a bar wanda ya kwanta. Sun kusa kwanar Sifawa, wani fasinja ya ɗaga hannu zai kama ƙarfe, hammatar rigarsa ta ɓarke, ya ja tsaki ya ce telolin yanzu sai a hankali. Nan Attahiru ya tuna. Ɗinkin. Abu ɗaya tak da aka roƙe shi, wanda ba ya taɓa mahaifinsa, ba ya taɓa kowa, kalma biyar. Ya shagala da auna sunan gidansu har ya manta da shi sam. Ya ce direba ya tsaya, direba ya tsaya, ya rasa abin da zai sauka ya yi. Ya ce a tafi.

Alhamis bai shiga gidan Mode ba. Ya kai hannu ga ƙyauren zauren sau biyu yana dawowa. Zulai ta kai kunu ta dawo ta ce, "Baba na ta tambayar ko yau Juma'a ta." Ya ce a ransa zai bari shirin ya wuce, sannan ya shiga ya durƙusa ya faɗi gaskiya, mako mai zuwa ya nemi fili na musamman. Dabara dai ba ta ƙare masa ba.

Juma'a da hantsi kuka ya tashi a bayan katanga.

Aka yi masa sutura kafin masallaci. Telolin kasuwa suka rufe rumfunansu suka zo, har da mai cewa tsaye yake so, yana share ido da hula. Attahiru ya kama makara, ya shiga kabari ya karɓe shi, ya jera itace. Mutane suna cewa Allah ya saka, maƙwabci ke nan na gari. Kowace kalma sai ya ji kamar an watsa masa ruwan zafi.

Bayan la'asar aka zauna karɓar gaisuwa a zauren Mode. Ana ta addu'a ana shafawa. Can sai aka ji ƙarar rediyo daga cikin gida, ana murɗa shi ana neman tasha. Liman ya ɗaga kai, don ba a kunna rediyo a gidan makoki. Wani ya yunƙura zai yi magana, muryar Inna Hajara ta fito daga bayan ƙyaure.

"Ku yi haƙuri, malamai. Shi yac ce a aza mai kusa."

Mutumin ya koma ya zauna. Kiɗan buɗe fili ya wuce, muryar Attahiru ta cika gidan, tas-tas, ba gargada. Ga hakimi, ga kashi na huɗu, ga rigunan aikin inji. Wani tsohon tela ya gyaɗa kai ya ce a hankali, "Maganam Mode ta wagga." Attahiru ya kafa ido a kan tabarma. Ya san inda muryar za ta, ba shi da ikon tare ta. Ta iso kashi na tara, ta ce lokaci ya ƙure mana, ta yi godiya. Aka kashe rediyon.

Sannan ƙyauren ya motsa kaɗan, hannun tsohuwar ya fito riƙe da wani ƙyalle a ninke.

"Attahiru."

"Na'am, Inna."

"Yac ce in ka gama hwaɗi in ba ka, don kada a ce ka yi mai kara. Shaida ta."

Ya tashi ya karɓa da hannu biyu. Hannun ya koma, ƙyauren ya rufe. Bai iya komawa wurin zamansa ba, sai ya fita ƙofar gida ya tsuguna a gindin katangar da ta raba gidajen biyu, ya warware ƙyallen a kan gwiwarsa. Koren ya koɗe ya koma kalar ganyen kuka busasshe, farin ya yi ja, asu ya ci gefe ɗaya. Ya ɗora babban yatsansa inda kore ya haɗu da fari, ya bi ɗinkin a hankali tun daga wannan baki har wancan. Ko sau ɗaya yatsan bai kauce ba.