Kwana Huɗu Babu Gishiri

Ku yi mini afuwa. Ban taɓa rubuta labari ba, karantawa kawai na iya, kuma sau uku ina yaga wannan takarda. Sai dai abin a ƙauyenmu ya faru, ya ƙi fita daga raina.

Maryamu ta danne hannun mijinta Bawa don ya daina karkarwa, Malama Sakinatu ma'aikaciyar jinya tana matsa robar awon jini. Zuwansu na biyu ke nan wannan ƙaramin asibiti na hanyar Makoda a cikin mako guda. Shago, yayan Bawa, yana tsaye a bakin ƙofa da laka har ƙwauri, don daga gona aka kira shi.

Shekara ashirin Bawa yana shan burukutu. Ranar Litinin ya yanke jiki ya faɗi a kunyar gero, aka kawo shi nan, aka ce jininsa ya hau, in bai bar giya da gishiri ba ɓarin jikinsa zai shanye. Ya bari tun ranar. Ga damina ta yi tsakiya, ba a yi maimai ba, taki ya gagari kowa bana, kuma in Bawa ya kwanta babu mai riƙe fartanya a gidan.

Malama Sakinatu ta kwance robar, ta sake ɗaurawa a ɗaya hannun. Ta ce jinin ya fi na ranar Litinin hawa. Barin giya farat ɗaya kan tayar da jini da kansa, in ji ta, shi ke kawo gumin nan da rawar jiki, amma ga magani yana sha, bai kamata ya kai haka ba. Ta tambayi Maryamu me yake ci.

Maryamu ta yi bayani a gajiye. Ko ƙwayar gishiri ba ta zuba a miya ba, dunƙule ma ta daina sawa. Ragowar gishirin ta kai wa maƙwabciya ajiya don kada hannu ya manta. Yara na kuka da miyar, ta ce su ci ko su bari.

"Na ɗanɗana miyar," in ji Shago. "Ko akuya sai ta yi tunani. Malama, a ba shi rabin ƙoƙon burukutu mana, rawar nan ta tsaya. Mu mun san abinmu."

Malama Sakinatu ba ta ko dube shi ba. Ta tambayi Maryamu ko tuwon yana shiga. Maryamu ta ce a'a, amai yake yi, kunu kaɗai ke zama. Shi ya sa take dama masa kunun kanwa sau uku a rana, ta cika kanwar sosai saboda murɗar ciki, tsakani kuma ta jiƙa masa jar kanwa ya sha, yadda uwarta ke yi wa marar lafiya.

Malama Sakinatu ta ajiye biro.

"Baiwar Allah, kanwa ai 'yar'uwar gishiri ce. Abin da muke gudu a cikin gishiri, yana nan a cikinta."

Maryamu ta saki hannun mijinta. Kwana huɗu ba ta runtsa ba, tana goge masa gumi, tana korar abokan shansa daga zaure. Ashe da ludayinta take tura shi.

Shago ya taso mata. Ya ce giya ta yi shekara ashirin ba ta kashe ƙaninsa ba, ita za ta gama da shi a kwana huɗu.

"Yaya," in ji Bawa, haƙoransa na haɗuwa. "Ni na ce ta ƙara kanwar. Ta ƙi, na yi mata faɗa."

Bai taɓa cewa haka ba. Ƙaryarsa Maryamu ta sha ji, ta kuɗin hatsi, ta inda ya kwana, duk don giya. Wannan ce ta farko da ya yi dominta.

Malama Sakinatu ta ce sai an kwantar da shi kwana biyu. Shago ya koma yi wa ƙaninsa faɗa, ana neman zanen gado, ana jan ƙarfen ƙarin ruwa. Maryamu ta tuna akwai tsamiya a rumbu, in ta yi sauri za ta dawo da kunun tsamiya marar kanwa kafin la'asar. Ta ɗauki takalmanta a hannu, ta bi ta bayan Shago ta fice.