Gayyar Kacalla

Gidanmu ne na ƙarshe a gangaren unguwa, can cikin Utai, don haka ruwan wanka da na wanke-wanken kowa a ƙofarmu yake kwana. Baƙi ƙirin, ga wari, ga sauro. Duk damina sai 'yata Auta ta kwanta da gudawa. Akwai shekarar da, wallahi, har na fara cire rai da ita.

Sai Allah Ya kawo mana Injiniya Rahila daga jami'ar Wudil. Ita ta tsaya aka ja kwata daga kowane gida zuwa bayan gari, aka haƙa tafkuna biyu. A na farko datti yake kwanciya, na biyu ya tace sauran, ruwa ya fita garau ya gangara lambuna. Ƙofata ta bushe.

To maigidana Isyaku fa, in ka yi masa alheri ba ya samun sukuni sai ya rama. Ya leƙa tafki na biyu, ya tarar kacalla ta cika shi, wannan ciyawar da ke toshe wa manoma hanyar ban ruwa a fadama. Ya dawo yana huci.

"Baiwar Allah ta yi mana aiki, mu zuba ido ciyawa ta cinye shi? Abin kunya!"

Ya kira gayya. Kafin azahar maza sun tumɓuke ta tas, har da kiɗa.

Da Rahila ta zo ta gani, sai ta ɗora hannu a ka. "Malam Isyaku, wa ya yi wannan?"

"Mu ne, ranki ya daɗe," in ji shi, yana washe baki. "Ba sai kin gode ba."

"Ai ni na dasa ta! Saiwarta ce ke shanye dattin. Ba zan bar wannan ruwa ya shiga lambunan mutane haka ba, dole a toshe kwatar."

A toshe? Ai ƙofata ke nan zai dawo, ga damina ta ƙarato. Ina jin labarin na miƙe. Na zari hijabi na same ta a bakin tafkin.

"Injiniya, ki rufa mini asiri. 'Yata Auta ba za ta iya wata daminar irin waccan ba."

Ta dube ni, ta dubi mazan da suka yi tsuru-tsuru da laka har gwiwa, sai dariya ta ƙwace mata. "Maman Auta, kwantar da hankalinki. In sun samo wata da saiwarta, za ta kama."

Washegari ga su a bakin kogi suna haƙo kacalla suna lodawa a amalanke. Masunta suna ta tsiya: "Isyaku, noman kacalla kuka koma?" Bai kula su ba. Rahila ta tuɓe takalmi ta shiga tafkin tana nuna musu yadda ake dasawa. Har yau ba na gama sallah ban sa matar nan a addu'a ba.

Kacallar ta kama kuwa, kafin ruwan farko.

Ran da aka yi ruwa mai ƙarfi, da ya ɗauke na leƙa waje, na ga Auta zaune a ƙofar gida tana gina ɗaki da jiƙaƙƙen yashi, ko takalmi babu. Na buɗe baki zan daka mata tsawa ta shigo, sai na rasa dalili. Na jawo tabarma na zauna kusa da ita.