Sunan Inna a Cikin Yashi

Tun ranar da muka fara shiga ofishin nan na Silver Spring jikina ya ba ni cewa wani abu zai lalace. Na ɗauka daga wajensu ɓarnar za ta fito, shi ya sa na sa musu ido, na manta da bakina.

Sunana Yari, mutumin Maraɗi, direban motar haya ne ni a Washington. Muna zaune a Hyattsville da matata Hamida da 'yarmu ta fari, Uwani, mai shekara takwas. Bayan rasuwar mahaifiyata a can Maraɗi ne yarinyar ta canza. Malamarta ta ce idan an kira sunanta a aji ba ta amsawa. Sai ta sulale ƙarƙashin tebur, ta miƙe sambal, ta haɗa hannuwa a ƙirji, ta rufe ido. A gida kuma abincinta ya ragu, dariya ta ɗauke.

Makaranta ce ta tura mu wata cibiya inda ake horar da likitoci masu warkar da damuwa ta hanyar magana. Wadda aka ba mu sunanta Abby, baturiya ce mai sanyin murya. Hamida, da ta fi ni Turanci, ita ke fassara mini abin da ya kuɓuce mini. Abby ta ce ita likita ce tuni, amma aikin yara yanzu take koyonsa. Za ta riƙa ganin Uwani kusan kullum bayan makaranta, a ɗaki mai 'yar tsana da akwatin yashi. Duk mako kuma za ta kai wa babban malaminta, Dokta Alexander, labarin abin da ya faru, shi ya yi mata gyara. Shi ba zai taɓa ganin yarinyar ba. Mu ma ba za a gaya mana abin da ta faɗa a ɗakin ba, sai in akwai haɗari.

Da na ba Ousmane labari, abokin aikina, a wurin da muke jiran fasinja, sai da ya kusa ƙwarewa da shayi.

"Yari, ka baro yashin Maraɗi kaf, ka zo Amurka ana nuna wa 'yarka yashi a akwati?"

"Magani ne, in ji su."

"Kuma 'yar koyo? A kan maraya ake koyon aski, malam. Kai da ranka."

Na yi dariya don kada ya ga cikina, amma maganar ta zauna mini.

A zaman farko da Abby ta yi da mu iyaye, ta tambaya ko an yi rashi a dangi kwanan nan. Na ce mahaifiyata. Ta yi mini ta'aziyya, sannan ta ce, "Mene ne sunanta?"

Na dubi Hamida, Hamida ta dubi ƙasa. Ni da na kai shekara arba'in da ɗoriya ban taɓa buɗe baki na kama sunan mahaifiyata ba, ita kuma Hamida suruka ce, kunyarta ta fi tawa. Sai na ce, "Inna."

"Inna," in ji Abby, tana maimaitawa a hankali. "Suna mai daɗi."

Na bar ta a haka. A raina na ce, me sunan mamaciya zai ƙara wa likita?

Abin da ban gaya mata ba shi ne, sunan da ke kan takardun makarantar 'yata, wanda Abby ke kiran ta da shi kullum a bakin ƙofa, shi ne sunan Inna na yanka. Na mayar mata da sunan ranar suna, muka sakaya shi da Uwani kamar yadda kowa ke yi a wajenmu. A gidanmu ba wanda ya taɓa furta shi.

Watanni suka shuɗe. Nakan ajiye mota in zauna a ɗakin jira, inda wata 'yar na'ura ke huci kamar ruwan sama don kada a ji maganar ciki. Duk da haka nakan ji ƙarar yashi ana zuba shi, a tsaya, a sake zubawa. Uwani ta fito da yashi a ƙarƙashin farce. In na ce, "Uwata, me kuka yi yau?" sai ta amsa da Turanci, "Ba komai," ta juya fuska ga gilashin mota.

Ta daina cin abincin rana gaba ɗaya. Wata Asabar na same ta a falo ta naɗe kanta da farin zanen gado tun daga kai har ƙafa. Na fizge zanen da ƙarfin da ban yi niyya ba. Ba ta yi kuka ba, kallona kawai ta yi.

Na je wa Abby da fushi. Na ce tun da aka fara wasan nan yarinyar baya take yi. Ta saurare ni har na gama, ba ta kare kanta ba. Ta ce ita ma ta damu, kuma akwai abin da ta kasa ganewa. Ta ce ta kai wa malaminta, shi kuma ya yi mata tambaya ɗaya da ta rasa amsarta: wane suna uban yarinyar ke kiran ta da shi?

"Na lura ban taɓa jin ka kira ta Hasiya ba," in ji ta.

Sunan ya dake ni a ƙirji kamar an buɗe ƙofar kabari. Hamida ce ta yi ƙarfin hali, murya ƙasa-ƙasa, ta yi mata bayani: Inna ba suna ba ne, haka ake kiran uwa, sunan da ta faɗa yanzu shi ne na marigayiyar, Uwani kuma yana nufin ita ce uwar babanta.

Na ga jini ya bar fuskar Abby.

"Ranar da aka yi rasuwar," ta ce, "Uwani tana ina?"

Tana falo. Na tuna sarai. Wayata a buɗe, muryar kawuna tana fitowa da ƙarfi, yana cewa wance ta rasu, ya kama sunan. Daga baya aka turo hoton makara da likkafani, waya tana yawo hannu zuwa hannu. Mata 'yan gaisuwa suka cika gidan, kowace ta shafa kan Uwani ta ce, "Yari, ka yi haƙuri, ga uwarka nan ta rage maka. Ita ce, ba wata ba."

Abby ta ce yanzu dole ta karya ƙa'idar ɗakin, domin an kai inda ta ce sai an gaya mana. Tun makon farko Uwani ke ɗaukar 'yar tsana guda, ta kira ta da wannan suna, ta binne ta a yashi. Abby ta ɗauka yarinyar fushi take yi da kanta, har ta riƙa ce mata, "Yau ma Hasiya na son ɓuya," ita kuma yarinyar ta ƙara yashi. A zaman jiya Uwani ta ce mutum biyu ba za su riƙe suna ɗaya ba, ɗaya a ƙasa ɗaya a sama, kuma Baba ya fi son ta ƙasan, tunda ita yake kuka dominta. Ta tambayi Abby ko jirgin ƙasa na Green Line yana iya tsayawa da sauri in mutum ya faɗa gabansa.

Hamida ta toshe bakinta da mayafi.

"Na yi ta kiran ta da sunan kullum," in ji Abby. "Ban tambaya da kyau ba." Ta ce yau ɗin nan wani likita a asibitin yara zai duba Uwani, kada a bar ta ita kaɗai, kada ta hau jirgi. Sannan ta dube ni. "Akwai abin da ni ba zan iya ba ta ba. Tana bukatar ta ji daga bakinka cewa ita daban, kakarta daban. Kuma ina ganin sai ka kira ta da sunan."

Uwani tana ɗakin wasan, ƙofa a buɗe, wata ma'aikaciya na zaune kusa da ita. Ban taɓa shiga ba sai ranar. Ɗakin ƙarami ne, ya fi yadda na zata haske. Ta durƙusa gaban akwatin, ta tara yashi tudu guda mai tsawo, ta daidaita gefensa da tafin hannu kamar yadda ake yi a maƙabarta. Ban san inda ta koya ba.

Na durƙusa kusa da ita. Ina jin kamar Inna na tsaye a bayana. Na ce a raina, ki yafe mini.

"Hasiya," na ce. Muryar ba ta yi kama da tawa ba.

Hannunta ya tsaya.

"Inna ta tafi, Allah ya ji ƙanta. Ke ba ita ba ce. Ke 'yata ce, a asibitin nan garin aka haife ki, ni na ɗauko ki a mota. Sunan naki ne yanzu, ke kaɗai."

Ba ta ɗago ba. Ta sa yatsa ɗaya a cikin tudun, a hankali, har ƙafar 'yar tsanar ta bayyana. Ta daɗe tana kallon ƙafar. Daga nan ta janye hannunta ta ɗora a cinya, ba ta tono sauran ba, ba ta kuma mayar da yashin ba.

A hanyar asibiti Hamida ta zauna da ita a baya, ta riƙe hannunta, na kulle ƙofofin motar duka. A madubi na ga leɓunanta suna motsi, tana maimaita wani abu ba sauti. Har yanzu ba ta amsa kowanne daga cikin sunayen biyu ba, kuma ni da Hamida da Abby ba wanda ya san ko ta yarda da abin da na gaya mata.