Layi Tara a Takardar Inna Shadliya

"Rufe ƙofar, Najiba. Sa sakata."

Na sa. Inna Shadliya, maƙwabciyata ta shekara talatin a birnin Safakus na Tunisiya, ta zaro wata ambulan mai kauri daga ƙarƙashin filo.

"Ina kika samo wannan?"

"Wata yarinya mai jinya ce a asibiti. Ta bari ɗana Munsif ya fita sayo magani, ta ce doka ta wajabta musu su sanar da ni ina da ikon karɓar takarduna. Na ce a ba ni. Ashe da Faransanci suka rubuta, 'yan banza. Ba shi kika koyar har kika yi ritaya ba? Karanta."

Mako biyu ke nan da Munsif, ɗanta tilo, ya tare ni a matakala, ya haɗa ni da Allah kada in bari ta ji gaskiyar ciwonta. Gyambon ciki aka ce mata.

Na buɗe shafin farko. Sunan cutar na layi na uku: ciwon daji. A na biyar an ambaci hanta da ƙashi.

"Sun ce gyambo ne, Inna. Ki rage yaji."

Ta zuba mini ido. Shekara arba'in ta yi tana saƙar darduma, ƙirga ba ya kuɓuce mata.

"Layi tara nake gani, kin ba ni magana ɗaya. Ɗora yatsanki, ki bi su."

Na ɗora. Na karanta, kunnena na kan matakala ko zan ji takun Munsif.

"Zan kai lokacin tsinkar zaitun?"

"Ba su rubuta ba."

"Najiba."

"Da wuya, Inna."

Ta damƙe hannuna har farcenta ya shige ni. "Tsoro nake ji, 'yar nan. Kada ki tafi tukuna." Can ta ƙara, "Munsif kuma kada ya san na sani. Ba zai iya ɗauka ba."

Kwana goma sha tara ta yi. Kullum ya shigo da romo marar yaji ya ce gyambon na warkewa, ita kuma ta ce lallai ta ji sauƙi. Ni ina tsaye tsakaninsu, na kasa kallon kowa.

Ranar Talata da hantsi ta cika. Bayan an fita da ita, na hau soro in kwashe shanya. Ɗankwalinta bai gama bushewa ba, sai na bar shi a kan igiya.