Haddar Dattijo

Dattijo yana tsakiyar bayanin yadda iska ke bi ta saman fiffiken jirgin sama sai mai jarrabawar ta ɗaga hannu ta dakatar da shi. Ta ɗora biro a kan zanen da ke tebur, daidai wani ɗan falle a gefen baya na fiffiken, ta yi tambaya da Turanci a hankali, kamar mai lallashi.

Ya san abin da ta nuna. Ya kwance shi ya ɗaura ya fi a ƙirga, tun gashin kansa yana baƙi. Shi ne fallen da matuƙi ke saki in zai sauka, don jirgi ya rage gudu ba tare da ya faɗo ba. Amma tambayar ta wuce shi fit, kuma ta tsinke masa zaren karatun.

Kamfaninsu ne ya sayi sababbin jirage, littattafan gyaransu duk a kwamfuta, da Turanci zalla. Makanikin da bai ci jarrabawar baka ba, ko tayarsu ba zai taɓa ba. Tsofaffin jiragen kuwa saura ɗaya. An faɗa wa Dattijo ba kwana-kwana cewa wannan ne zuwansa na ƙarshe.

Shi kuma ya bi hanyar da ya sani, ya haddace littafin darasin tun daga bango. A bas yana yi, a bakin famfo yana yi, har matarsa ta iya kama masa ƙarshen jimla tana wanke-wanke, ba ta san abin da take faɗa ba. Malamar Turancin da kamfani ya ɗauko musu ta sha roƙonsa.

"Baba, don Allah ka bar haddar nan. Ka yi magana kawai, ko da kuskure."

"'Yata, ni ban saba kuskure a kan jirgi ba."

A aikinsu ba a tsallake mataki. In wani ya katse ka kana cikin ɗaure noti, ba ka yarda da inda ka tsaya, sai ka koma na farko ka sake bi. Da wannan ɗabi'a ya tsufa, da ita kuma ya shigo ɗakin nan. Ya gyara zama, ya koma jimlar farko ta darasin.

Mai jarrabawar ta bar shi ya ɗan yi nisa, ta sake nuna fallen, ta sauya tambayar da kalmomi masu sauƙi. Gumi ya karyo masa duk da sanyin ɗakin. Amsar tana bakinsa da Hausa, cikakkiya, har da irin ƙarar da abin ke yi in maiƙo ya ƙare masa. Ya ɗaga tafin hannu ya lanƙwasa yatsu ƙasa, ya nuna mata. Ta gyaɗa kai, tana jira ya faɗa. Ya sake komawa farko.

A karo na uku ba ta katse shi ba. Ta ajiye biron ta saurare shi har ƙarshe, ko harafi bai tsallake ba. Nan ya gane an gama, don tausayin da ya gani a fuskarta ya fi faɗa ciwo.

Da ya fito, malamar Turancin tana tsaye a baranda. Da ganin tafiyarsa ba ta tambaya ba.

"Laifina ne, Baba."

"Ke kuwa me kika yi? Kan ne ya bushe."

Ya koma rumfar gyara. Sabon jirgin yana can ciki, fari fat, matasa sun zagaye shi kowa da kwamfuta a hannu. Ya wuce ta gefe bai kalla ba. Ba ya son kowa ya ce masa sannu.

Shugaban sashe, wanda Dattijon ne ya fara damƙa masa sifana, ya biyo shi yana sosa ƙeya. Labari ya riga ya iso masa.

"Baba, na yi magana a sama, wallahi na yi. Sun ce doka ce."

"Na sani. Yaushe zan miƙa makulli?"

"Ba yau ba. Akwai aiki ɗaya tukuna." Ya nuna waje, inda tsohon jirgin ke tsaye a rana. "Masu sayen tsohon ƙarfe sun ce ba zai hau mota ba sai an cire fikafikan. Cikin yaran nan babu wanda ya taɓa yi. Kuma wannan ba sai da jarrabawa ba."

Dattijo ya daɗe yana kallon jirgin. Wayarsa ta yi ƙara a aljihu, matarsa ce. Ya bar ta ta yi ta yi har ta gaji.

"In na gama fa?"

Shugaban ya sunkuyar da kai.

"To," in ji Dattijo. "Ka ce su turo min tsani. Kuma kada wanda ya zo yana gaggauta ni."