Tsirkiya ta Uku

Jitar Chuwang Bot ba irin wadda ake ratayawa a kafaɗa ba ce. Kwantar da ita ake yi a cinya, a riƙa goga ɗan guntun ƙarfe a kan tsirkiyoyinta shida, sai ta yi ta kuka kamar mutum. Wani dattijo Ba'amurke mai suna Desmond, wanda suka yi aiki a ofis ɗaya a unguwar Southwest kafin ya yi ritaya, shi ya koya masa, ya kuma bar masa ita kyauta.

Ran Asabar da safe Chuwang yana zaune da ita a falonsu da ke garin Hyattsville a Amurka. Washegari zumuntar matan cocinsu za su yi waƙa, matarsa Atine ce mai ba da waƙar, kuma ta nace sai ya raka su da jita. Matsalar ita ce muryar matan ta fi saitin jitar tsayi. Ya kira Desmond.

"Kowane sauti da kaurin tsirkiyarsa," in ji tsohon. "In za ka hau sama, sai ka sa siririya. Ta ukun nan lamba ashirin da biyu ce, don sautin A aka yi ta. Kada ka ja ta zuwa C. Jira sababbin tsirkiyoyin da ka yi oda su iso."

Sababbin kuwa sai Talata. Chuwang ya ajiye wayar, ya ce a ransa sau ɗaya ne kawai.

Atine ta fito daga kicin tana goge hannu. Nas ce, kuma da yamma take da aiki. Ta durƙusa kusa da shi, ta ja muryar da take so, ta kawo kunnenta kusa da jitar.

"Ƙara kaɗan, Baban Becky. Bai kai ba."

Ya murɗa. Tsirkiyar ta yi wani siririn ƙara, ya ji taurinta a yatsunsa.

"Saura ƙiris."

Ya sake murɗawa. Sai tas! Tsirkiyar ta tsinke.

Atine ba ta yi ihu ba. Ta koma da baya ta zauna daɓas a kan kafet, hannunta a idon hagu. Jini ya fara bin tsakanin yatsunta yana gangarowa zuwa gwiwar hannu.

"Maman Becky! Bari in gani!"

"Kada ka taɓa." Muryarta ta sauka ƙasa, irin wadda take yi wa marasa lafiya. Wannan ya fi ihu tsorata shi. "Kawo kofin takarda da filasta. Kife shi a kan idon, kada ka danna. Ko kaɗan kada ka danna."

Sau uku filastar tana manne masa a yatsu. Da ta cire hannunta, ya ga fatar idon a tsage, ya kau da kai kafin ya ga abin da ke ƙarƙashi.

A mota ta jingina kai, idanu a rufe. Kowace danja sai ta tsayar da su. Chuwang yana riƙe da sitiyari, yana tunanin yadda take auna magani a sirinji, yadda take zura zare a allura ba tare da tabarau ba tana yi masa dariya.

"Kina gani da shi?"

"Ban buɗe ba."

"Amma kafin ki rufe?"

Suka wuce danja biyu. "Ja kawai na gani," ta ce. "Tuƙa, don Allah."

A asibiti ma'aikata suka shige da ita, aka bar shi a kujerar jira da jakarta a cinya. Ya so ya yi addu'a, bakinsa ya kasa haɗa komai sai "Ya Ubangiji, ya Ubangiji." Ya ɗauko waya zai kira 'yarsu Becky a makaranta, ya mayar. Me zai ce mata? Duk sanda ƙofa ta buɗe sai ya ɗaga kai. Sai da wata ma'aikaciya ta miƙo masa tishu ya lura da jinin da ya bushe a rigarsa.

Bayan kusan awa biyu likitar ido ta fito. Ta dubi sunansa a takarda, ta dube shi, sai ta ce, "Kuna jin Hausa? Ni Dokta Hasiya Maitama. Sannu, Malam. Zauna."

Bai iya zama ba.

"Tsirkiyar ta tsaga fatar idon, mun ɗinke. Ta kuma yanki gilashin idon, amma ba ta huda ciki ba. Da ta ƙara kaɗan, da wata maganar muke yi."

"Za ta gani, Likita?"

"Ba zan yi maka alkawari yau ba. Ya danganta da inda tabon ya tsaya, da kuma in ciwon bai ruɓe ba. Maganin ɗigawa duk bayan awa biyu, kada a tsallake ko sau ɗaya."

Ya ɗauki hutu. Kwana goma sha biyu shi ke ɗiga maganin, ita tana cewa, "Ka natsu mana, a kumatu kake zubawa." Wata rana da safe idon ya yi ja sosai, suka koma asibiti a guje, aka ce ba komai. Bai yarda ba sai da Dokta Hasiya ta faɗa da bakinta.

Ranar gwaji aka rufe wa Atine idon dama, aka kunna allon haruffa. Ta karanta layin farko. Ta karanta na biyu a hankali. A na huɗu ta tsaya, ta matse ido.

"Wannan F ne ko P?"

"Faɗi abin da kika gani."

"P."

"P ne," in ji Dokta Hasiya tana rubutu. "Tabon yana gefe. Za ki sa tabarau, kuma fitilun motoci za su riƙa damunki. Amma za ki koma aiki."

Chuwang ya nemi kujerar da ke bayansa ya zauna, ya rufe fuska da hannu biyu. Atine ta juyo ta dube shi da idon da har yanzu ke hawaye.

"Tashi ka kira Becky," ta ce. "Tun safe take jira."